Keken da Ba Ya Gaisuwa

Litinin, 7 ga Agusta, bayan la'asar

Yau na hau shi. Na rubuta a nan ne don a samu wuri ɗaya da aka faɗi maganar daidai, tunda na san kafin magariba Kazaure za ta faɗe ta a karkace.

Mai ne ya yi tsada. Duk wanda ya tambaye ni, amsar da zai samu ke nan. Ni malamin gona ne, aikina zagaya ƙauyukan Roni da Gwiwa, ga damina ta kankama, ga babur ɗina yana shan mai kamar an huda masa tanki. Ga kuma keke a rataye a zaure, gizo-gizo yana saƙa a jikinsa. Ina laifi don mutum ya sauke abin da ke cikin gidansa ya hau?

Firam ɗin ne kawai ya rage, da ƙahonsa da sirdinsa da sarƙa. Wilin gaba tun ranar nan ba a kawo shi gida ba, ni kuma ban tambaya ba. Na sayo tsofaffin wili biyu a Kano, mai gyaran keke na unguwar Kanti ya ɗaura min yana ta girgiza kai. Ya ce, "Malam Nafi'u, wannan fa ba na zuwa ofis ba ne." Na ce masa gyara na kawo, ban zo neman shawara ba.

Gaskiya ya faɗa, amma ba daga bakina zai ji ba. Keken nan ba ma na tseren da ake gudu a gungu ba ne. Na tseren agogo ne, wanda ake sakin mutum shi kaɗai a kan titi, ba shi da abokin karawa sai lokaci. Don haka aka ƙera shi kai a ƙasa, sirdi a sama, da wasu sanduna biyu da suka miƙe gaba, inda mahayi zai kwantar da gwiwar hannu ya duƙa kamar mai ruku'u. Babu kariyar ɗaukar kaya, babu madigadi, babu ƙararrawa, ko ramin ƙusar da za a ɗaura su babu. Jikinsa ma ba ƙarfe ba ne, wani baƙin abu ne mai tauri marar nauyi, da yatsu biyu kake ɗaga shi. Ni kuwa ga shekara hamsin da 'yan kai, ga tumbi, ga kaftani.

Da zan fita ban bi ta zaure kai tsaye ba. Na shigo da shi tsakar gida, na tura shi ta gindin tagar ɗakin kudu. Idan ana tura shi, wilin baya yana wata ƙara, tirrr, kamar kukan gyare. Labule bai motsa ba.

Talata, 8 ga Agusta, bayan sallar asuba

Bayana. Wuyana. Sauran wuraren ba na rubutawa ba ne.

Alhamis, 10 ga Agusta, bayan magariba

Bahijja ta tare ni a bakin kicin. Ta ce, "Malam, me kake nema da keken nan?" Na ce mai ne ya yi tsada. Ta yi min irin kallon da mace ke yi wa mijin da ta gama sani. Ta ce, "Ni duk sanda na ji ƙarar nan gabana faɗuwa yake yi. Ka ɗauka yaron nan ba ya ji?" Na ce ina zan sani, tunda ba ya magana.

Bari in rubuta abin da ban iya gaya mata ba. Ɗana ne, ɗan fari, keken kuma nasa ne. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama hira da shi, ba ya dafa masa kafaɗa, a gaban mutane ko a bayan idonsu. Baba har ya koma ga Allah bai taɓa kiran yayana da sunan yanka ba, shi ya sa har yau kowa Maikasuwa yake ce masa. Haka na taso na gani, haka na yi. Tun yaron nan yana rarrafe yana bin tayar keken maƙwabci nake ce masa Mai Keke. Da wannan sunan nake aikensa, da shi nake masa faɗa. Ranar da ya shigo da kofin tsere a hannu, cewa na yi, "Mai Keke, ajiye shi can kada ka fasa," na shige ɗaki don kada ya ga fuskata.

To tun da muka dawo da shi daga asibitin Kano ba ni da sunan da zan kira shi da shi. Na yanka ba ya faɗuwa a bakina, wanda na sa masa kuma ya koma kamar zagi. Sai in tsaya a bakin ƙofarsa, in yi gyaran murya, in ce, "Ya jiki?" Labule nake tambaya. Bai fito tsakar gida ba tun ranar da aka shigar da shi. Sandunan da aka ba shi a asibiti suna jingine a inda muka jingine su. Uwarsa ce ke shiga da kwano, ta fito da shi kusan yadda ya shiga. Ina tsoron ɗakin nan zai cinye min shi, kuma ban san wanda zan gaya wa ba.

Juma'a, 11 ga Agusta, da hantsi

An samu matsala. Gidan Yaya Maikasuwa yana bakin titi, daidai inda gangaren dutse yake sauka kafin a kama hanyar Roni. Shi ne mai unguwa, kullum da safe yana zaune da dattawansa a gindin darbejiya. Tun ina yaro ban taɓa wuce wurin nan a kan abin hawa ba. Sauka nake yi, in cire takalmi, in durƙusa. Ko na makara a kan babur, sai na tsaya na yi jinjina.

Yau na gangaro gwiwar hannu a kan sandunan nan, kaina a ƙasa, ba na ganin komai sai kwalta da tayar gaba. Birki kuwa ba a inda hannu yake aka sa shi ba, yana can a ƙahon gefe. In ka ɗaga hannu ɗaya don gaisuwa, keken sai ya yi rawa ya nufi kwata. Sai da na wuce na ji wani ya ce, "La'ilaha illallahu, ba Nafi'u ba ne wancan?" Na wuce yayana da dattawan unguwa fuu, ɗuwawu a sama, kaftani yana tashi. Wanda ya ƙera keken nan bai taɓa yin yaya ba.

Lahadi, 13 ga Agusta, bayan la'asar

Yaya ya aiko, na je da ƙafa. Na yi ta gaisuwa kafin ya ga damar amsawa.

"Nafi'u, ni ka wuce?"

"Yaya, a yi haƙuri. Birkin ne ba ya..."

"Ban tambaye ka birki ba. Kai da furfura a gemu, ma'aikacin gwamnati, kana yawo a gari a duƙe kamar mai neman allura? Kuma a kan wane keke? A kan wannan?" Ya ja carbi. "Abin da ba shi da albarka ba a ajiye shi a gida. Shi ya fito ko ƙwarzane babu, Musaddiƙ kuma..."

Nan ya tsaya. Shi yana iya faɗin sunan, ɗan ƙaninsa ne. Amma ƙarshen maganar shi ma ya gagare shi.

Ya ce akwai wani Sama'ilu a Babura da ke ƙetarawa da irin waɗannan kaya Nijar, zai sa ya zo ya ɗauke shi in wata ya ƙare. Ya ce in yaron ya daina jin motsin abin a gida zai dangana, ya fito. Na ce, "Na ji, Yaya." Ji na ce na yi, ban ce na yarda ba.

Na san ba mugunta ba ce. Shi ne ya zauna da ni a barandar asibiti har aka fito mana da maganar da aka fito mana da ita. Amma ya yi kuskure. Ranar da keken nan ya bar gidana, ranar ce aka gaya wa yaron cewa an gama da shi. Ba da hannuna za a yi wannan ba, ko da Yaya zai daina amsa gaisuwata.

Litinin, 14 ga Agusta, da azahar

Na sauka tun daga saman gangare, na tura shi har gindin darbejiya, na durƙusa. Dattawa suka amsa. Yaya ya dubi keken ya kau da kai.

Laraba, 16 ga Agusta, bayan la'asar

Na sayi ƙararrawa, irin ta masu tallar burodi, na ɗaure ta da waya a kan sandan gwiwar hannu. Da na dawo na tsaya a tsakar gida na kaɗa ta da kyau, na ce wa Bahijja da ƙarfi, "Kin gani? Yanzu ya fara zama keke." Tana tsaye kusa da ni, kuma ba kurma ba ce. Ta dubi taga, ta dube ni, ta koma kan tukunyarta.

Da can yaron ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kan keken nan. Da tsohon buroshin haƙori yake wanke sarƙa, gaɓa-gaɓa, da wani mai na musamman da yake ɓoyewa kamar turare. Akwai ranar da na rataya hulata a ƙahonsa. Ya zo ya cire ta da hannu biyu, ya miƙo min kai a sunkuye, amma na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Jijiyar nan nake so in sake gani.

Juma'a, 18 ga Agusta, da yamma

Kwando. Na ɗaure shi a gaba da tsohon tiyub. Mai ne ya yi tsada, kuma malamin gona yana da kaya.

Asabar, 19 ga Agusta, bayan azahar

Masu dubiya sun zo, wasu abokan aikina. Suka zauna a zaure suna magana ƙasa-ƙasa, "Ai yaro ne mai ladabi, ai yaro ne mai ƙwazo," kamar masu zaman makoki. Ɗaya daga cikinsu ya ce in an kwana biyu sai a nema masa ɗan tebur a bakin tasha, ya riƙa cajin waya, tunda sana'ar zaune ce. Ya faɗa da kyakkyawar niyya, shi ya sa ban kore shi ba. Na ce masa na gode, na miƙe tsaye, na ci gaba da tsayuwa har suka gane.

Tebur a bakin tasha. Yaron da ke zuwa Roni ya dawo kafin uwarsa ta sauke koko.

Litinin, 21 ga Agusta, bayan magariba

Zan faɗi gaskiya ɗaya game da keken nan. A cikin gari bala'i ne. Ba ya son kwana, ba ya son rami, ba ya son akuya, ga masu adaidaita sahu suna ɓullo maka ta ko'ina. In iska ta buge shi daga gefe sai ka ji kamar an ture ka. Amma yau da na bar gari na kama miƙaƙƙen titin Gwiwa, gero kore shar hagu da dama, na kwanta a kan sandunan nan na taka, sai duniya ta yi tsit. Ba ka jin komai sai numfashinka. Na wuce wani mai babur da ya ɗauko buhu, ya saki baki yana kallona. Ashe nan yaron yake zuwa kullum da asuba. Na yi ta takawa ina jin daɗi, daɗin kuma yana min ciwo.

Wani manomi ya ba ni kaza don na duba masa tsutsar da ke cin masararsa. Na sa ta a kwando, ta yi kashi a kan firam tun ba mu yi nisa ba. Ban goge ba. Na jingine keken a gindin taga, na zauna ina shafa wa sarƙa man gyaɗa da tsumma, ina gaya wa Bahijja cewa mai duk mai ne. Gefen labule ya ɗaga kamar faɗin yatsa. Na gani da wutsiyar ido, na ci gaba da shafawa.

Talata, 22 ga Agusta, da azahar

Kwano ya fito babu komai a ciki. Bahijja ta nuna min.

Alhamis, 24 ga Agusta, da safe

Ya rufe ƙyauren taga. Da wannan zafin.

Na tura keken ta wurin duk da haka. Tirrr. In yana so ya daina ji, ya fito ya hana ni.

Juma'a, 25 ga Agusta, bayan la'asar

An yi ruwa jiya, na kuma bi hanyar ƙauye bayan Gwiwa. Tsakanin taya da firam ko yatsa ba ya shiga, laka ta toshe wurin, keke ya tsaya cak, ni na ci gaba da tafiya. Na tashi da laka har gemu. Mata masu dawowa daga gona suka toshe baki da mayafi. Na saɓa shi a kafaɗa har bakin kwalta, nan kaɗai rashin nauyinsa ya yi min rana.

Yaran gari sun sa min suna. Ina wucewa suna ihu, "Mai keke! Mai keke!" Da na fara ji sai da na lalubi birki na waiwaya bayana, ina neman wanda suke kira.

Litinin, 28 ga Agusta, da azahar, a Roni

Tun ranar nan ban bi hanyar Roni ta wajen kwalbatin da aka buge shi ba. Zagaye nake yi ta cikin gonaki, ko a kan babur. Yau ruwa ya cinye zagayen, babu yadda zan yi.

Na sauka tun daga nesa na tura. Ciyawa ta rufe wurin, wani ma ya shuka wake har bakin titi. Babu wata alama, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. Wata tifa ta taho da yashi. Na tsaya na riƙe keken da hannu biyu har ta wuce, bayan ta wuce ma na ci gaba da tsayuwa.

Daga nan na hau. A daidai wurin na hau, na kwanta a kan sanduna, na taka har Roni ban ɗaga kai ba. Ban gaida kowa ba, kuma yau da gangan ne.

Laraba, 30 ga Agusta, bayan magariba

Saƙon Yaya ya zo. Sama'ilu zai iso daga Babura ranar Asabar bayan la'asar, kuma Yaya da kansa zai rako shi. In yaya ya tako da ƙafarsa zuwa gidan ƙaninsa, ba a ce masa a'a. Na san haka, shi ma ya sani, shi ya sa zai zo.

Alhamis, 31 ga Agusta, bayan magariba

Bahijja ta ce, "Malam, don girman Allah ka bar zagaye-zagayen nan. Ɗanka ne. Ka ɗaga labule ka shiga, ka zauna a bakin gadonsa." Ita ma fa ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Amma uwa tana da kwano, kwano yana shigar da ita. Ni me zan riƙe?

Na je, na tsaya. Takalminsa yana bakin ƙofa, wanda uwarsa ke gogewa kullum. Ɗayan ta ɓoye shi a ƙarƙashin gadonmu, tana zaton ban sani ba. Na kai hannu ga labule, na buɗe baki, babu abin da zan fara da shi. Na ce, "Ya jiki?" na juyo. Na ji haushin kaina, na ji haushin Baba a kabarinsa, Allah ya yafe min.

Juma'a, 1 ga Satumba, bayan an sauko daga masallaci

Ya yi magana. Ba da ni ba. Da uwarsa ta shiga da abinci ya ce mata, "Umma, ki ce wa Baba ya daina wasan kwaikwayo. Na san abin da yake yi. A bar Baffa ya sayar." Ta zo ta gaya min tana kuka, ita ma ba ta san na mene ne ba.

Wasan kwaikwayo. Ni da bayana ya ƙi miƙewa a sahu, ni da na sha laka a gaban matan Gwiwa. Ina cikin kumfar baki Bahijja ta share ido ta ce, "Ai gaskiya ya faɗa. Ƙararrawa da kwando duk abin kwancewa ne. Ya san ba ka taɓa keken ba, kuma ya san ba za ka taɓa ba." Matar da ta fi kowa tsanar keken nan ce ta faɗi haka. Na sa takalmi na tafi wurin Daudu mai walda.

Na ce masa kariya nake so ya liƙa min a baya, ta ƙarfe, mai ɗaukar buhu. Ya ƙwanƙwasa firam da farce, ya ce wannan in ya ji wuta ƙonewa zai yi kamar leda. Na ce na sani. Ya ce to don me? Na ce mai ne ya yi tsada. Gobe bayan azahar zai zo gida da tukunyar gas ɗinsa.

Ba za a fitar da keken nan a sulale don ana tausayin mai shi ba. Ko mai shi ya fito ya hana, ko ya ƙone a tsakar gidan ubansa yana ji.

Asabar, 2 ga Satumba, da safe

Na kasa karyawa.

Asabar, bayan magariba

Daudu ya turo tukunyarsa a baro. Na sa ya ajiye a gindin taga, na riƙe keken, na ɗaga murya: "Nan za ka liƙa, da nan. Ka sa wuta sosai, buhun taki zai ɗauka." Bahijja tana bakin kicin da hijabi, ludayi a hannu, ta manta da shi.

Ya kunna. Wutar ta yi ƙara, ta koma shuɗiya. Ya dube ni ya ce, "Malam, in sa?" Na ce, "Sa." Ya kawo ta a hankali, a hankali, yana jira in ce ya bari. Jelar tiyub ɗin da na ɗaure kwando da ita tana reto a gefe, ita ta fara kamawa, warin roba ya cika gida. Taga a rufe. Ban san ko da zan bari ya kai wutar jikin firam ba. Ina jin da na bari.

Sai na ji wani abu ya faɗi a bakin ƙofar ɗakin kudu. Sanda ce. Hannu ya fito ta ƙarƙashin labule ya jawo ta.

Ba zan rubuta yadda ya rame ba. Ba zan rubuta ƙafar wandon da uwarsa ta naɗe ta soke da fil ba. Ya tsaya, rana ta kashe masa ido. Bai iya sandunan ba, tunda bai taɓa gwadawa ba, yana zuwa tsakiyar gida ya yi tangaɗi kamar zai kife. Bahijja ta zabura, na tare ta da hannu. Ni ma ƙafata ta so ta tafi, na hana ta.

Ya iso yana haki. Ya ce, "Daudu, kashe." Daudu ya kashe tun kafin ya rufe baki.

Ya jingina da bango, ya ɗora tafin hannu a kan firam, ya shafa tun daga sirdi har kai. Ya tarar da kashin kaza. Ya tarar da ƙararrawa. Jijiyar wuyan nan ta tashi.

"Waya, Baba? Da waya aka ɗaure? Ga shi ta ci fenti." Ya taɓa sarƙa ya shinshina yatsa. "Ashe man gyaɗan da gaske ne."

Na ce mai duk mai ne.

"Sirdin nan fa? Ba a sauke ba?"

"Yadda na same shi."

"Ai tsawona ne. A haka ake zuwa Gwiwa?"

"Har Roni."

Sai ya ɗago ya dube ni. Rabon da ya dube ni tun Kano. Ya ce, "Ta kwalbati?"

Na ce, "Ta kwalbati."

Ya sunkuya ya fara kwance wayar ƙararrawa da farce.

A haka Yaya ya yi sallama. Ya bar Sama'ilu a zaure, ya shigo da fuskar da ya shirya tun daga gida, sai ya yi turus. Yaron ya yunƙura zai durƙusa kamar yadda ya saba, Yaya ya yi wuf ya riƙe shi. "Tsaya, tsaya, Musaddiƙ, kada ka duƙa."

"Baffa, ina wuni."

"Lafiya lau. Lafiya lau, ɗana."

"Baffa, a ba baƙo haƙuri. Keken yana da mai shi."

Yaya ya dubi keken, ya dubi tukunyar Daudu, ya dube ni. Ya goge ido da hannun riga, ya ce hayaƙin roba ne. Da zai fita ya nuna ni da carbi ya ce, "Kai kuma, Nafi'u, har yanzu ban yafe maka wucewar nan ba." Na ce na ji, Yaya. Wannan karon na yarda.

Lahadi, 3 ga Satumba, bayan la'asar

Tun safe nake jin ƙarar sifana daga zaure. Ban leƙa ba. Kwando yana kan juji.

Bahijja tana shara ta matsar da babur, ta ji tanki cike yana motsi. Ta dube ni. Na ce mai ne ya yi tsada, shi ya sa nake adana shi.

Litinin, 4 ga Satumba, da hantsi, a ofis

Na fito zan tafi aiki, na same shi a zaure a kan tabarma, sanduna a gefensa, kayan gyara a baje. Keken yana jingine, an wanke shi, sarƙa tana sheƙi. An sauke sirdi. An cire sandunan gwiwar hannu, an ɗaga ƙaho. Ƙararrawar tana nan, amma an sa tsumma a ƙarƙashinta kafin a ɗaure.

Bai ɗago ba ya ce, "Na ɗaga kan iya inda zai ɗagu. Ba zai taɓa zama keken gari ba, Baba. Amma za a iya ɗaga wa Baffa hannu."

Sandunan da ya cire na gan su a naɗe cikin tsohuwar rigar tserensa. Bai ba uwarsa ta ajiye ba, suna nan kusa da gwiwarsa.

Na tura keken har bakin ƙofa. Tirrr. Na tsaya ina kallon titi, na ba shi baya, don haka kaɗai zan iya. Na ce, "Mai Keke."

Sifanar ta daina motsi. Na ji akuyar maƙwabci, na ji wani babur ya wuce.

"Na'am, Baba."

"Na tafi."

"A dawo lafiya." Har na ɗora ƙafa a kan feda ya ƙara da cewa, "Aro ne fa, Baba. A dawo min da shi kafin magariba. Kuma ban da kaza."

Na ce to, na hau.